Haliru da Injinan da Ba a Son Su Huta

Haliru ɗan 'Yankuzo ne, amma a Gusau ya ci abincinsa, a wani ɗaki mai sanyi na cibiyar jarrabawar kwamfuta ta Alhaji Bawa. Manyan kwamfutoci uku ne a ɗakin, su ke ɗauke da rassan cibiyar na Tsafe da Bungudu. Aikinsa ya zuba wa allo ido, ya ga wane aiki ne ya danne ƙwaƙwalwar kowace na'ura, wace ce kuma ke da sarari. Kore na nufin da sauran wuri, ja kuwa an cika maƙil.

Shi Alhaji Bawa da shanun huɗa ya yi arziki, kuma a duniya ba abin da ya tsana kamar ya ga bijimi kwance da hantsi. Ran da ya fara leƙowa ya tarar da allo kore shar, aka yi masa bayani, sai ransa ya ɓaci.

"Wato hutawa su kai? Kai kuma mi kaka tsaro nan, barcinsu?"

Haliru na da mata da 'ya'ya, saboda haka bai tsaya gardama ba. Ya ƙirƙiri wani aikin banza, lissafin da ba ya ƙarewa kuma ba ya amfanin kowa. Da ya ji motar Alhaji sai ya sake shi, allo ya yi jawur. Alhaji ya yi ta sa masa albarka, har a masallaci yake ba da labarin ƙwazonsa. Ni dai ban taɓa ganin an yabi mutum haka a kan aikin gaskiya ba.

Ranar babbar jarrabawa Alhaji ya zo da sassafe, ya ja kujera ya zauna. Haliru ya saki abin nasa kamar kullum, yana zaton yanzu zai tafi. Bai tafi ba. Can sai waya daga Tsafe: tambayoyi sun ƙi buɗewa, lokaci na tafiya, yara har sun fara kuka. Bungudu ma haka.

Haliru ya dubi Alhaji, ya dubi allo. Wallahi na tausaya masa. Ya kashe aikin banzan, ja ya koma kore, yara suka rubuta jarrabawarsu lafiya.

Alhaji ya miƙe yana kaɗa kai. "Yau da anka fi bukatarsu, yau sunka kwanta? Malam Haliru, ka gaji da aikin ga."

Yanzu Haliru na gyaran waya a bakin titin Tsafe. Kwanan baya Mannir, wanda aka ɗauka a madadinsa, ya hau mota takanas ya zo ya same shi. Ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya rage murya.

"Malam, don Allah ka rufa min asiri. Ƙaƙa kaka yi su yi ja?"

Haliru ya ajiye wayar da ke hannunsa, ya ce ya matso kusa.