Lambar Sabi'u tana hannuna

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan aka bugo mini daga asibiti, Sabi'u ya rasu. Korona.

Ina rubutun nan da wata 'yar lambar tagulla a tafin hannuna, kuma wallahi na rasa inda zan ajiye ta.

Ga waɗanda ba su san shi ba, maƙwabcina ne a unguwar Taman Melati, a nan ƙasar waje, tare muke karatun digiri na uku. Ɗan Inugu nake ce masa, shi kuma ya ce gara shi, ni ko Zariya ban taɓa wucewa ba aka ɗora ni a jirgi.

Gidansu gidan haƙar kwal ne. Kakansa ya bar Kano zuwa Inugu a jirgin ƙasa da niyyar wata uku, rami ya riƙe shi har tsufa. Ya haifi maza tara, shida suka bi shi ramin, har da mahaifin Sabi'u. An daɗe da daina haƙa, jikoki sun watsu, amma kowa a gidan ya san tarin da ya kwashe iyayensu ɗaya bayan ɗaya. Sabi'u yakan bugi ƙirji ya ce, "Mu dai mun tsira, ƙura ba ta shiga huhunmu ba."

Huhun nan aka yi kwanaki ana yi wa ƙarin iska, abu ya gagara.

Shi ya faɗa mini aikin lambar. Mai shiga rami yana rataye tasa a allo, in ya fito ya cire. In an tashi aka ga saura ɗaya, to akwai wanda bai fito ba. In ya rasu, abokin aikinsa ne zai kai ta gidansu, ba sai ya buɗe baki ba. Wannan ta kakansu ce, Hajiya mahaifiyarsa ta damƙa masa ranar da zai taho.

Da aka sa dokar kulle, ya kafa mana tasa dokar a guruf ɗinmu na waya: bayan Magariba kowa ya rubuta "na fito". Na yi ta masa tsiya, na ce Malam mu fa ba a rami muke ba. Wata rana da gangan na yi shiru. Sai ga shi ya hau bene bakwai da ledar shinkafa, ya tarar ina kallon ƙwallo. Kwana biyu bai yi mini magana ba. Yau abin nan yana ci na.

Ranar da motar asibiti ta zo, daga nesa ya ajiye mini lambar a kan matattakala. "Riƙe mini, kar ta ɓata a can. In na fito zan karɓa."

Yau na jira gari ya waye a Najeriya, na kira yayansa ta bidiyo. Ban ankara lambar tana hannuna ba, ban kuma san Hajiya na bayansa ba. Kafin in gama sallama ta leƙo, ta ce, "Wannan ai ba hannun Sabi'u ba ne."

Ganin lambar nan ta gane.

Can na ce zan nemi yadda za a aika mata. Ta ce, "A'a ɗana. A gidan nan ba a aiko ta. Wanda aka bar wa shi ke kawowa."

Ma'aikatan asibiti ne za su binne shi a nan, ko fuskarsa ba za mu gani ba. Hanya a rufe take, Hajiya ta tsufa, tsoro nake ji.

Allah Ya jiƙan Sabi'u, Ya haskaka kabarinsa, Ya haɗa shi da iyayensa a Aljanna. Don Allah ku sa shi a addu'a, ku roƙa mini Allah Ya kai ni Inugu in same ta da rai.

'Yan guruf, bayan Magariba kowa ya rubuta. Ni zan duba.