Tani Mai Iri, Wadda Ta Hana Shukar Ruwan Farko

Haihuwarta da Nasabarta

An haifi Malama Safiyatu, wadda aka fi sani da Tani Mai Iri, a garin Gangara na ƙasar Sabon Birni, a daminar shekarar 1938, ranar wata Litinin, wanda shi ne asalin laƙabinta na Tani. Mahaifinta, Malam Wada, Bagobiri ne manomin gero, mahaifiyarta kuwa, Inno, Bafulatana ce daga cikin makiyayan da suka daɗe da zama a gefen garin. Ita ce ta uku a ɗakinsu, kuma ita kaɗai ce mace. Dattawan da suka san ƙuruciyarta sun haɗu a kan shaida guda, cewa ba su taɓa ganin ta zauna wuri ɗaya har inuwa ta juya ba.

Karatu da Tarbiyya

A shekarar 1944 aka sa ta makarantar allo, inda ta samu izu huɗu da abin da zai tsayar mata da ibada, sannan ta bari, ba don rashin kai ba, sai don zaman tabarma ya fi ƙarfinta. Karatunta na haƙiƙa a bayan mahaifinta ta yi shi, lokacin kaka, sa'ad da yake bin gona yana zaɓen zangarniyar da za a ware domin iri. A wurinsa ta koyi ɗaure damin iri daban da na ci, da sussuke shi, da adana shi cikin tulu da toka don kada ƙwaro ya taɓa.

Tun a wannan zamani aka lura da wata ɗabi'a tata. Idan za a yi wani abu kuma ranta bai kwanta da shi ba, sai ta kasa zama, ta share tsakar gidan da aka riga aka share, ta je rijiya alhali randa cike take. In an tambaye ta dalili, ba ta da shi. Malam Wada yakan yi mata dariya ya ce ƙafafunta sun riga kanta sanin labari.

Aure da Zuriya

A shekarar 1955 aka ɗaura mata aure da Malam Na'Allah na Unguwar Lalle, mutum mai haƙuri da gudun rigima, har yakan wuce gona da iri a wannan fanni. Gidan gandu ne, wato 'yan'uwa suna noma gona ɗaya suna ci daga rumbu ɗaya, kuma ragamar komai tana hannun yayansa Amiru. Allah ya azurta su da 'ya'ya biyar: Alhassan a 1957, Hajjo a 1960, Saudatu a 1964, Fadima a 1970, da Maijidda a 1976. Da aka ga ƙwarewarta, sai aka bar mata ajiyar irin gidan. Ajiya kawai aka ba ta. Ranar da za a fitar da shi a shuka, wannan hukuncin maza ne.

Farin 1973 da Gudun Yunwa

Daminar 1972 ba ta yi albarka ba, saboda haka aka shiga bazarar 1973 rumbu ya kusa ƙasa, kuma abin da ya rage wa gidan na iri bai wuce tulu uku ba. A ƙarshen watan Mayu aka yi ruwan farko mai ƙarfi, jama'a suka fita da sungumi cikin murna, Amiru ya ba da umarnin a shuka irin duka a kwana biyu. A safiyar ranar shukar, Tani ta kasa tsayuwa ta kasa zama. Ta gaya wa mijinta cewa ranta bai kwanta ba, a bar ko da tulu ɗaya. Na'Allah ya kai maganar gaban yayansa da sanyin murya, Amiru kuwa ya amsa da cewa: "Tun yaushe mata ka hwaɗa muna ranar shuka? A buɗe tulunan." Aka buɗe. Da hannunta ta bi bayan masu sara tana zuba irin tana rufewa da diddige.

Bayan wannan ruwa aka yi kwana ashirin da shida sama ba ta zubo da ɗigo ba. Shuka ta fito, ta yi kore, ta ƙone. Da ruwa ya dawo a ƙarshen watan Yuni babu abin da za a yi maimai da shi, kuma babu maƙwabcin da za a roƙa, domin kowa abin da ya yi ke nan. Gonar gandu ta kwana cikin laima babu tsiro ko ɗaya.

A farkon 1974 gandun ya watse. Na'Allah ya ɗauki iyalinsa zuwa Isa, inda ya yi ƙodago a fadamar wasu, daga nan suka koma Sabon Birni, suka sake komawa Isa, duk cikin wata bakwai, suna cin tafasa da dusa. A wannan yawo ne ƙyanda ta kama Fadima, jiki babu ƙarfi, ta rasu tana da shekara huɗu, aka binne ta a garin da ba ta da kowa. Tani ba ta taɓa ɗora wa Amiru laifin wannan ba, ko a bayan idonsa. Kanta ta ɗora wa, domin ta ji abin da ta ji, tulunan kuma a ɗakinta suke, amma kunya ta hana ta ɓoye ko da mudu guda. Wannan baƙin ciki bai rabu da ita ba har ƙarshen rayuwarta.

Komawa Gida da Kuskuren 1978

Sun koma Unguwar Lalle a 1975, Na'Allah ya ware nasa kason gona, ya kuma bar wa matarsa hukuncin iri gaba ɗaya, abin da ya jawo masa tsegumi a majalisa, amma bai kula ba. Cikin shekara uku ta sake tara irin gero na zango mai kyau, tana zaɓensa zangarniya bayan zangarniya.

Wajibi ne a rubuta abin da ya faru a 1978, domin masu yabonta sukan tsallake shi. A wannan shekara ranta ya ƙi ruwan farko, ta hana shuka har kwana goma sha tara, ruwa kuwa ya ci gaba da sauka babu yankewa. Geron mutane ya yi gaba, nasu ya biyo baya a makare, tsuntsaye suka taru a kansa bayan kowa ya girbe, gidan ya yi asarar kusan rabin amfaninsa. Matan unguwa suka samu abin yi a bakin rijiya, in sun gan ta sai su tambaye ta ko ranta ya yarda a ja guga yau. Ba ta yi musu ba, ba ta kuma nemi uzuri ba. Ta ce ta yi kuskure, kuma in ta sake jin abin da ta ji za ta sake hanawa.

Malam Na'Allah ya rasu a shekarar 1981 bayan gajeriyar jinya, Alhassan ya zama maigida yana da shekara ashirin da huɗu, tulunan iri kuwa suka ci gaba da zama a ɗakin mahaifiyarsa.

Farin 1984

Daminar 1983 ta zo da ƙaranci, ta bar gidan da tulu biyu na iri da bakuna tara masu ci. Ranar Asabar, 26 ga Mayu, 1984, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Washegari Tani ta je gona da kanta, ta tona ƙasa, ta tarar laima ta wuce kamu guda. Iska ta juyo daga kudu, gabas ta yi duhu, dattawa suka ce ruwan shuka ne babu shakka. Duk alamar da ta koya wurin mahaifinta ta nuna a shuka. Amma ta dawo gida ta kasa zama, ta koma gonar, ta sake dawowa, har sau uku kafin azahar, sannan ta liƙe bakin tulunan da laka.

Alhassan ya roƙe ta, ya kawo mata hujja, daga ƙarshe ya tuna mata da shekarar 1978, abin da bai taɓa yi ba. An ruwaito cewa ta ce masa: "Alhassan, ni ma ban san dalili ba. In ka iya shiga ɗakin uwarka ka hwasa tulu, shiga. Ni dai ba ni buɗewa." Bai shiga ba. Ya je ya ɗauko baffansa Amiru, wanda a lokacin ya tsufa yana dogara sanda. Tani ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, ta kawo masa ruwa, ta saurari duk abin da ya faɗa kanta a ƙasa, sannan ta ba shi haƙuri. Ya tashi ya tafi bai yi sallama ba.

Azumi ya kama bayan kwana kaɗan. Gonakin Unguwar Lalle suka yi kore shar, tasu kaɗai ta tsaya fara fat a tsakiya, kowa ya wuce sai ya waiwaya. Alhassan ya daina buɗa baki da kunun ɗakinta, ya daina zama majalisa saboda kunya. Ita kuwa ta rame fiye da yadda azumi ke ramar da mutum. Kullum sai ta je gonar ta tsaya ta dubi gabas, kuma Hajjo ta shaida cewa mahaifiyarta ba ta san abin da za ta roƙa ba a kwanakin nan, domin in ta roƙi ruwa ta kashe gidanta, in ta roƙi fari ta kashe gari. A ƙarshe ta tsaya ga roƙon Allah ya zaɓa wa kowa abin da ya fi alheri.

Daga tsakiyar azumi rana ta buɗe. Ganyen shuka ya naɗe, ya yi ja, iska ta kwashe shi. Aka fita roƙon ruwa sau biyu. Sai ranar 2 ga Yuli, bayan ƙaramar Salla, aka samu ruwa na biyu, a lokacin da mafi yawan gidaje ba su da ƙwayar iri. Tun kafin ruwan ya ɗauke ta fasa lakar da kanta. Tulu ɗaya ta ba Alhassan, ɗayan kuma ta raba wa gidaje goma sha ɗaya da ƙoƙo, ta fara da gidan Amiru, ta kai masa da ƙafarta don kada ya sha nauyin aikowa.

Ba a yi wata babbar kaka ba a wannan shekara, domin ruwan ya ɗauke da wuri. Gonar da takan ba da dami sittin, goma sha huɗu ta bayar. Amma da wannan, da abin da Alhassan ya samo a cin rani, gidan ya kai wata damina ba wanda ya yi gudun yunwa, ba a kuma binne yaro ko ɗaya ba. Gidajen nan goma sha ɗaya su ma suka tsira da irin shekara mai zuwa. Daga nan ne sunan Mai Iri ya bi ta.

Shekarun Ƙarshe

Bayan 1984 mutane suka mai da ƙofar gidanta wurin tambaya. Da zarar an yi ruwan farko sai a aiko daga Gangara, har daga ƙauyukan Isa, a ji ko Tani ta buɗe tulu. Wannan ya dame ta ƙwarai. Takan ce ita ba boka ba ce, gaibu na Allah ne, kuma da an yi ruwa a tsakiyar azumin nan da yanzu sunanta wadda ta kashe gidan ɗanta. Wasu sukan zo da maganar aure ko ta tafiya ko ta sayen sa, sai ta ce su fara auna abin da ido ya gani, su yi shawara, su yi istihara, in bayan haka rai ya ƙi kwanciya to kada su yi masa dole. Ba kowa ke jin daɗin wannan amsa ba, domin mutane sun fi son a ce musu yi ko bari. Ta sauke farali a 1992, kuma abokan tafiyarta sun ce ko a can ba ta iya zama a masauki ba.

Rasuwarta

A bazarar 1997 ciwon ƙirji ya kwantar da ita, wanda shi ne karo na farko da aka ga ta yini a shimfiɗa. Ranar Laraba, 11 ga Yuni, aka yi ruwan farko, a ƙarshen wata shekara mai ƙarancin hatsi. Alhassan, yana da shekara arba'in, ya shiga ɗakinta ya durƙusa ya tambaye ta ko a shuka, jama'a kuma suna jira a zaure. Sai ta ce: "Yau ban ji komi ba. Kai mi kaj ji?" Ya ce shi bai saba ji ba. Ta ce ya tafi gona shi kaɗai ya dawo. Ya tafi, ya jima, ya dawo ya ce ransa ya kwanta. Ta nuna masa tulunan da hannu, ba ta ce ya yi daidai ba, ba ta ce ya yi kuskure ba.

Washegari Alhamis, 12 ga Yuni, 1997, suna cikin shuka da hantsi aka aika gona aka kira shi. Ta rasu tana da shekara hamsin da tara. Aka yi mata salla bayan azahar, aka binne ta a maƙabartar Unguwar Lalle kusa da mijinta, kuma mafi yawan waɗanda suka ɗauki gawarta da ƙasar gona a ƙafafunsu suka zo. Da aka dawo daga maƙabarta, Alhassan ya karɓi gaisuwa har la'asar, sannan ya ɗauki sungumi ya koma ya ƙarasa shukar, ba tare da ya san ko ruwa zai dawo ba, kuma babu sauran wanda zai tambaya.

Ta bar 'ya'ya huɗu: Alhassan, manomi a Unguwar Lalle, wanda tulunan iri suke hannunsa, Hajjo, a Gangara, Saudatu, a Isa, da Maijidda, a Sabon Birni, tare da jikoki goma sha bakwai. Allah ya jiƙanta, ya ba ta hutun da ba ta samu a duniya ba.