Takalmin Agali Ne

Agali ya shekara ashirin yana kiwon raƙuma a arewacin Dakoro kafin fari ya raba shi da su. Ya shigo gari da wuƙa guda da basilla, ya kafa rumfa a bakin kasuwar dabbobi, ya koma ɗinkin takalman fata. Abu ɗaya bai bari a daji ba, wato ƙarfen da yake sa wa raƙumansa shaida. Duk takalmin da ya gama, sai ya ɗumama ƙarfe ya buga masa alama a dunduniya. Ya taɓa ce mini amfanin shaida ke nan, abu in ya ɓata ya san hanyar gida.

Na dawo daga karatu a Tunis na tarar rumfarsa na kallon ƙofar gidanmu, na riƙa zama wurinsa da hantsi. A nan na ga yadda sunansa ya shiga intanet.

Ɗiyarsa Hamdiya, wadda ke aiki a Yamai, ta shirya masa shafi da hotunan takalma, a irin wuraren nan da mutum ke haɗa shafinsa da kansa. Ta kuma saya masa suna: takalminagali.ne. Da na karanta masa, sai ya tambaya:

"Har da *ne* ɗin?"

"Alamar Nijar ce, Kawu. Kowace ƙasa da tata."

"A'a, ɗana. Shaida ce suka bayar. Takalmin Agali ne. To, na wa ne da?"

Ranar ya sa maƙeri ya ƙera masa sabon ƙarfe da sunan, ya buga shi a kan takalma ɗari biyu da zai kai baje koli Yamai ran Asabar. Sai ran Litinin Jimrau mai shayi, wanda bencinsa ke cin gefen rumfar Agali taku guda kowace shekara, ya rubuta sunan a wayarsa. Farin allo ya fito, ba ko igiyar takalmi.

"Buzu, gidan naka ba kowa!" in ji Jimrau, yana nuna wa masu shan shayi.

Agali bai yi dariya ba. Abin da aka ƙona a fata ba ya gogewa, kuma shi bai taɓa sa shaidar da ba ta kai mutum wurinsa ba. Ya kira Hamdiya. Ta ce, "Baba, saura a haɗa domen ɗin da shafin," sai rezon waya ya yanke.

To, a wurinmu kowa ya san domen: ofishin gwamnati da ake zuwa yin takardar fili. Washegari Agali ya naɗa rawaninsa na salla, ya sayi duwatsun iyaka huɗu na siminti, ya ɗora su a kura, ya tafi. Ma'aikacin da ya tarar, irin waɗanda muke ce wa Mushe da Faransanci, mutum ne mai haƙuri, shi ya ba ni labarin daga baya.

"Baba, a wace unguwa filin yake?"

"Cikin intanet."

"Mita nawa ne?"

"Mushe, ban taka shi ba tukuna. Ɗiyata ta gani."

"Wa ke maƙwabtaka da kai ta gabas?"

"In dai ba Jimrau ba ne, na yarda da kowa."

Ma'aikacin ya ba shi ruwa, ya ce ya koma ya nemi wanda ya san ordinato, wato kwamfuta.

Da la'asar muka sami Hamdiya, wayar a buɗe tsakaninmu. Sai da ta gama dariya ta ce domen ɗin nan sunan ne kawai. An saye shi a wuri ɗaya, shafin yana wani wuri, kuma ba wanda ya gaya wa sunan inda shafin yake. Masu shafin sun ba da lamba mai gida huɗu, da ɗigo a tsakani. Ita za a rubuta a wurin da aka sayi sunan.

"Wato raƙumi ne sabon saye," in ji Agali. "An sa mishi shaida, ba a nuna mishi rijiya ba."

Hamdiya ta gaya mana inda za a shiga a rubuta ta, amma Agali ya hana ni taɓa wayar. Ni na karanta lambobin, shi ya danna su da yatsan da basilla ta kankare, yana bismilla a kan kowane ɗigo. Hamdiya ta ce abin yana iya kai kwana biyu kafin ya bazu.

"Kwana biyu? Daga Birnin Lalle jaki ma ba ya yin haka."

Laraba farin allo. Jimrau ya riƙa leƙowa yana tambaya ko baƙon ya iso, a dafa masa shayi. Ran Alhamis bayan azahar ya sake rubuta sunan don ya yi tsiya, sai ga jan takalmi ya cika masa waya, ga hoton Agali a ƙasansa da rawani. Ya daɗe yana kallo.

"Karanta da ƙarfi," in ji Agali.

"Takalmin Agali... ne."

"Madalla. Kai ka faɗa."

Takalman sun bi motar Juma'a. Duwatsun iyaka kuwa mai siminti ya ƙi karɓarsu, don haka Agali ya kafa su a kusurwa huɗu na rumfarsa. Na gabas ya faɗa daidai ƙarƙashin bencin Jimrau, dole ya ja da baya taku uku.