Mai Ba da Kati

Kulsum ba ta san sunansa ba, ba ta ma son ta sani. Yana zaune bayan tagar ba da kati a wani asibiti a Anka, hula a karkace, baki ja wur da goro. Katunan marasa lafiya ne tule a gabansa, ya ɗora kwanon ƙosai a kansu har mai ya jiƙe na sama. Sai ya lashi yatsa yake buɗe kati, kuma ba ya miƙa wa mai shi sai ya karance abin da likita ya rubuta, yana gyaɗa kai kamar shi aka aiko wa wasiƙa.

"Mardiyya ta Duza!" ya kira. Wata mata ta taso. Bai ko rage murya ba. "Ashe ciwon sanyin nan bai bar ki ba? Ki ce ma maigidan shi ma ya taho a duba shi."

Layi ya yi tsit, aka shiga kallon-kallo. Matar ta ja mayafi ta rufe fuska, ta karɓi katin ta wuce.

Kulsum tana ayyana shi da la'asar a majalisa, ana matsa masa wuri a tabarma, don ya san wadda ta yi ɓari, ya san wanda aka ɗebi jininsa. Da asirin mutane yake cin tuwon girmansa.

Saura mutum biyu a zo kanta. Ta tuna abin da ke rubuce a nata katin. Ta zare jiki daga layin, ta koma gida da ciwonta.