Wasiƙar Gada da Jan Biron Yaya Lawal

Yau shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Malam Lawal, malamin Hausa a wata sakandare a Faskari. A gida Yaya nake ce masa, a aji kuwa Malam, kuma zumunci bai taɓa hana jan bironsa sauka a kan takardata ba.

Ina aji biyar damina ta cinye 'yar gadar da ta haɗa ƙauyenmu da hanyar Mairuwa. Kaka ta kusa, ga masara ta yi kyau, ba ta inda mota za ta shigo. Dattawa suka roƙi Yaya ya rubuta wa ƙaramar hukuma. Shi kuwa ya mayar da aikin jingar aji, ya ce wasiƙar da ta fi kyau ita za a kai.

Na cika shafi uku da kirari da manyan kalmomi, ina ji da kaina. Da na kai masa, sai ya sa na karanta wa Inna, mahaifiyarmu, tana tankaɗe a tsakar gida. Da na gama ta ɗago kai ta ce, "To ɗan nan, gaisuwa ta yi. Mi kake so a yi maka?"

Yaya ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce, "Ka ji jarrabawa. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Faɗi abin da ya lalace, wa ya shafa, da yaushe ake son gyara."

Sau huɗu ina sakewa. Duk da haka wasiƙar wata 'yar ajinmu, Saratu, aka zaɓa, layi bakwai kacal. Na yi fushin kwana biyu, amma kafin a gama yankan dawa motoci na tsallaka gadar.

Yanzu ni ma ina koyarwa a Ƙanƙara, nakan kuma tambayi kaina me zai ce da ya ga saƙonnin ɗalibaina a waya, inda gaisuwa duka ta koma haruffa uku. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana cewa a rage surutu, ina jin da ya ce, "Aski na ce a yi, ban ce a cire kai ba." Sannan ya ja kujera ya zauna ya koya musu, don bai taɓa raina ɗalibi ba.

Bai bar littafi ko ɗaya da sunansa ba. Amma bara na kai matata asibiti a Sabuwa, ma'aikaciyar jinya ta rubuta mana yadda za a sha magani, dalla-dalla, ko yaro zai gane. Na yaba mata. Ta ce wani malaminta a Faskari ne ba ya karɓar jimlar da sai an tambayi ma'anarta. Ban gaya mata ko ni wane ne ba, na dai ninke takardar na sa a aljihun gaba.

Allah Ya haskaka kabarinka, Yaya.