Sista Zaituna da Kwalbar Hajiya Ladi

Rana ba ta gama fitowa ba za ka ga Sista Zaituna ta fito daga lungunsu na Ƙofar Mazugal, farin kaya a ƙarƙashin hijabi, ƙaramar tocila a aljihu. Hanyar asibiti ba ta da nisa, amma kullum sai ta kusa makara, domin duk wanda ta gamu da shi idonsa take fara dubawa kafin ta amsa gaisuwa. Mai shayi ya saba ɗaga mata kai, mai walda kuwa da ya hango ta sai ya rarumi tabaransa. A ɗakin ido na asibitin ta yi ƙuruciyarta tana wanke kwantsa, tana ɗiga magani, tana lallashin manya kamar yara. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Wanda yake son ya san ko wace ce ita, ya je Kasuwar Kurmi ya tambayi Malam Nata'ala baduku.

Ido ɗaya gare shi. Na hagu ƙyanda ta bar masa hakiya a kai tun yana goye, da na dama yake zura zare, da shi yake ciyar da gida da matarsa Gwaggo, wadda ciwon ƙafa ya zaunar. Wata rana yana yankan busasshiyar fata, ɓurɓushi ya yi tsalle ya karce masa baƙin idon. Kafin la'asar ido ya yi jawur, hawaye ya ƙi tsayawa.

To, a lungun su Malam akwai wata kwalba. Hajiya Ladi maƙwabciyarsa ce take zuwa da ita daga Saudiyya, maganin ɗigawa ne da yake mayar da jan ido fari fat kafin gari ya waye. Aron ta ake yi gida gida kamar turmi, amarya ta ɗiga, mai zuwa biki ta ɗiga, Hajiya kuma ba ta taɓa hana kowa ba. Malam ya ɗiga, ja ya tafi, zafi ya sauka, ya koma rumfa yana sa mata albarka. Sai dai kullum hazo ƙaruwa yake, har ranar da ya nemi kafar basilla ya rasa.

A bakin masallaci Sista ta tare shi, ta haska masa tocila a ido, nan take ta tsayar da a-daidaita-sahu. A asibiti ta taɓa masa wata 'yar takarda mai ruwan ɗorawa a gefen ido, aka kunna shuɗiyar fitila, gyambo ya fito kore shar a tsakiyar baƙin idon. Likita ya ce ƙwayar cuta ta zauna a ciki, sai an kwantar da shi. Malam ya ce wa zai kama Gwaggo ta yi alwala? Sista ce ta ce a rubuta maganin, ita ta ɗauki nauyin zuwa gidansa safe da yamma, in abin ya ƙi ita da kanta za ta dawo da shi gado.

Ta karɓe kwalbar ta mayar wa mai ita, aka fara sabon magani. Sai ido ya koma ja, ya fi na farko. Lungu ya ɗauka. Aka ce an raba bawan Allah da abin da yake masa amfani. Hajiya Ladi, don tausayi, ta sake aika masa da kwalbar a ƙunshe cikin ɗankwali.

Da safe Sista ta shigo, ta ce ya cire hula ta duba shi, kwalba ta faɗo daga cikin hular kan tabarma. Gwaggo ta shaida min cewa Sista ba ta yi faɗa ba. Zama ta yi, ta tambaye shi ko ya ɗiga. Ya ce tukuna, amma zuciyarsa tana wajen.

"Baba, in majemi ya bar fata ta daɗe a ruwan toka, me yake faruwa?"

"Ta ruɓe mana. In kuma ya yi gaggawar tsamowa, gashi ya ƙi fita."

Ta ce to haka idon yake. Tantanin da ya rufe baƙin ido ba shi da jijiyar jini, shi ya sa yake garau. In ya ji rauni, ƙananan ƙwayoyin halittar da suke bakin ciwon sukan saki wasu sinadarai su kira mayaƙan jini, wannan kiran ne jan da yake gani. Mayaƙan su cinye cuta, sannan sabbin ƙwayoyi su rarrafo daga gefe su rufe ramin. In mayaƙan sun zarce, su cinye tantanin ya zama tabo. In an kore su da wuri, cuta ta ci son ranta. Kwalbar Hajiya korar su take yi, tana da ranar amfaninta, amma likita ne yake sanin ranar.

"Jan nan naka ne, Baba. Farin can na aro ne. Ido ɗaya ne, kada mu yi caca da shi."

Ya daɗe yana juya kwalbar, sannan ya miƙa mata. Ya ce amma in ya makance, ita za ta riƙa jan shi zuwa Kurmi. Ta ce ta yarda, in dai zai daina ɓoye kaya a hula.

Daga nan gidan Hajiya Ladi ta wuce. Ba wanda ya ji abin da suka tattauna, an dai ji dariyarsu daga ɗaka. Tun ranar, duk wanda ya je aron kwalba, Hajiya da kanta take tura shi wajen Sista.

Koren gyambon ya riƙa tsukewa a ƙarƙashin fitila, daga ƙwayar wake zuwa ƙwayar gero, har ya ɓace. Ɗan tabo ya rage a gefe, bai tare gani ba.

Sista Zaituna, ke ce mai haƙurin jiran rauni ya rufe. Ke ce kika karɓi zargin lungu guda kina murmushi, kika raba mutane da kwalba ba tare da kin raba su da maƙwabciyarsu ba. Ba a rubuta zuwanki gidan Malam a cikin aikinki ba, kuma ba shi kaɗai kika yi wa ba. Mun gode, Allah ya haskaka miki kamar yadda kika tsare wa bayinsa haske. 'Yan baya da suke sanye da farin kaya, ku kama hanyarta. Mu kuma, in ido ya yi ja, mu kai shi a duba kafin mu aika aro.

Ran Juma'ar da ta wuce Malam Nata'ala ya tare ta a bakin lungu, ya ce ta cire takalmi zai gwada ƙafarta, domin duk takalmin da ta kashe a hanyar gidansa shi ya kamata ya maye mata. Ya zaro basilla, ya ɗaga ta sama, ya zura zare a tashin farko. Sista ta laluba aljihu, ta ce tunda ya riga ya ɗaga kai, ya tsaya ta haska.