Igiya ta Huɗu

Shekara ashirin da shida Mai-Igiya yana ɗinka wa matuƙan wani kamfanin jiragen sama kaya, a ɗan shago bayan filin jirgi. Igiyoyin zinare na hannun kwat su ne gwanintarsa, uku na mataimaki, huɗu na kyaftin. Hannunsa na dama shi ke ciyar da mutum tara a gida.

Sai kamfani ya sayar da ƙananan jirage goma sha huɗu, ya yi odar manya biyar. Babba ɗaya na kwashe fasinjan ƙanana uku, to ina za a kai kyaftin-kyaftin? Aka yanke a mayar da rabinsu mataimaka. Su 'yan ofis, matsoratan banza, tun ba su raba takardun rage muƙami ba suka aiko wa Mai-Igiya da kwat goma sha takwas, wai ya farke igiya ta huɗu, kuma ya ja bakinsa.

Cikinsu har da ta ƙanin matarsa, wanda ya tashi a gidansa. Ranar ya kasa cin abincin rana, amma ya sa reza.

Washegari da hantsi Kyaftin, ƙanin matar tasa, ya biyo karɓar kwat ɗinsa. Ya ƙirga igiyoyin sau biyu, ya tambaya wa ya taɓa masa kaya. Mai-Igiya ya fara cewa ofis ne, bai rufe baki ba mari ya sauka. Ya faɗa kan keken ɗinki, almakashi da zare suka watse, jini ya ɓalle masa ta hanci. Kyaftin ya shaƙe shi, ya danne masa hannun dama a kan teburin guga, ya ɗauki dutsen guga ya riƙa makawa. Maƙwabta sun ce daga titi ana jin ƙarar ƙashi. Sai da ƙarti huɗu suka ɓamɓare shi.

A asibiti likita ya ce yatsu uku ba za su sake riƙe allura ba. Ɗan sanda ya zo da takarda, ya ce suna kawai yake so, daga nan mai laifin ya gama tuƙa jirgi har abada. Matar tela na tsaye a bakin gado, tana kuka ba sauti.

Mai-Igiya ya daɗe yana kallon bandejin. Baƙin ciki kamar ya kashe shi.

"Rubuta," ya ce, "kan keke ne ya faɗo mini."